Sabulun da Na Shafa wa Tankin Dogo

Shekaranjiya saura ƙiris wani babur ya kwashe ni a bakin titinmu na Zongo, kuma ba laifin yaron da ke kai ba ne, ni ne ban ji zuwansa ba. Irin baburan nan ne na lantarki da suka fara cika Kwatano, ba kuka, ba hayaƙi, ba wari, sai dai ka ji iska ta taɓa maka riga. Yaron ya juyo ya ce, "Baba, a riƙa duba hanya mana." Ni da na ƙare ƙuruciyata ina gane babur daga muryarsa tun yana bayan masallaci, yau ni ake koya wa tsallaka titi. Na tsaya ina kallonsa har ya shiga shagon da suke sauya batir. A daidai wurin nan rumfar gyaranmu take a da. Sun zuba siminti, sun shafa fenti, ko ɗigon baƙin mai babu a ƙasa. Na ja numfashi ko hancina zai tsinci wani abu na da, ban ji komai ba sai turaren mai shagon.

A zamaninmu Zongo da hanci ake saninta. Kafin rana ta fito masu zemijan, wato masu ɗaukar fasinja a babur, sun tayar da injuna, shuɗin hayaƙi ya kwanta a titi har ba ka ganin ƙafafun masu turin amalanke da suka nufi kasuwar Dantokpa. Kowace kusurwa akwai tebur da manyan kwalabe na kpayo, man fetur ɗin nan da ake tsallakowa da shi daga iyaka, mata na tace shi da tsumma cikin mazurari. Tufafinmu warin fetur, burodinmu warin fetur, har tabarmar masallaci ba ta tsira ba. Manyan motocin shanu suna isowa daga arewa da ƙura da kukan dabbobi, makiyayan su sauko ƙafafu a kumbure suna tambayar inda za su sami ruwan alwala. Mu kuwa masu koyon gyara aikinmu na farko shara, sannan wanke ƙarafa a cikin rabin jarka, sannan aikin da na fi tsana, tankaɗe toka. Kullum sai an karɓo tokar jiya daga murhun mai shayi, a tabbatar ta huce sarai, a tankaɗe ta da rariya har ta yi laushin gari, a zuba a gwangwanin madara. Yaran yanzu in babur ya yi ciwo waya suke jona masa su karanta. Ban ce ba su iya ba. Amma in ka miƙa musu gwangwanin toka za su ɗauka tsafi ka zo yi.

Maigidanmu, wanda duk muke kira Patron, ɗan guntun tsoho ne mai ɗingishi, ba ya da yawan magana, kuma abin da Allah ya ba shi hanci ne. Babur zai tsaya a bakin rumfa, kafin mai shi ya buɗe baki Patron ya ɗaga kai ya ce, "Wanga moto tana yoyo." Yana bambance warin man da ya ƙone da wanda ya zube, yana bambance na yau da na kwana uku. Amma bai taɓa yarda ya tsaya a kan hanci kaɗai ba. Sai ya sa a goge babur ɗin tas, tun daga tanki, zuwa famfon mai, zuwa tiyo, zuwa karbureta. Sannan a zuba toka a tafin hannu a busa ta a hankali ta lulluɓe ko'ina, a koma gefe a jira. Inda mai ke fita, farar tokar nan za ta yi duhu, ta ja layi. Abin da yake nanata mana har muka gaji shi ne, "Inda ya ɗiga ba nan ya fito ba. Ku bi shi sama." In ka nuna masa karbureta don nan ka ga jiƙa, sai ya ɗan ja maka kunne ya sa ka bi layin da yatsa har ka kai tushensa. In kuma tankin ne ya tsage, to aikin yini guda ne: a cire shi, a juye man, a wanke da ruwa da omo sau uku, a shanya, sannan a kai shi nesa da rumfa a like da dalma. Wanda ya kusanto da wuta ga tankin da bai wanku ba, ranar nan zai bar masa shago.

A lokacin da abin nan ya faru ni ne babba a cikin masu koyo, gemu ya fara fito mini, kuma saura mako biyu a yi bikin sallamata, abin da muke kira liberasiyo, ranar da Patron zai sa mini albarka a gaban jama'a ya ce na zama mai gyara. Kaina ya kumbura. Ina ganin hannuna ya fi na tsohon sauri, kuma gaskiya ya fi, sai dai sauri kaɗai ke gare ni. Ran nan Patron ya tafi jana'iza unguwar Agla ya bar mini rumfa. Sai ga Dogo, wani mai zemijan ɗan unguwarmu, mutum mai faɗin kafaɗa da saurin fushi, ya turo tsohon babur ɗinsa irin mai tanki a ƙarƙashin sirdi, yana kukan esansi, wato fetur.

"Ina Patron? Moto na shan esansi kamar raƙumi."

"Patron ba shi nan. Mi za shi yi maka wanda ban iya ba?"

Na goge, na busa toka, na bi layi yadda aka koya mini, na kuwa same shi: ɗan tsagu kamar silin gashi a bakin haɗin tanki. Har nan ban yi kuskure ba. Sai Dogo ya ce ba zai iya rasa yini guda ba, ranar kasuwa ce, in ba zan iya gamawa kafin azahar ba ya kai wa wani mai gyara a unguwar Agontinkon. Wannan maganar ce ta cije ni. Na ce ya je ya ci abinci ya dawo. Akwai dabarar da kowane mai gyara ya sani: in ka goga busasshen sabulu a kan tsagu, fetur ba ya narkar da shi, zai riƙe. Dabarar hanya ce, ta wanda mai ya tsiyaye masa a daji, don ta kai shi gari kawai. Na goga sabulu, na shafe shi da baƙin mai da ƙura har ya saje da ƙarfe. Da Dogo ya dawo ya ce, "Ka like?" Na ce, "Da dalma. Ko jikanka ba zai ga yoyo a nan ba." Ya buga mini kafaɗa ya ce na fi tsohon. Na ji daɗin maganar nan har cikin raina, ba zan ɓoye ba. A zuciyata na ce in ya dawo wani gyaran sai in yi masa na gaskiya ba wanda ya sani. Bayan kwana biyu aka kwana ana ruwa, titunan Zongo suka zama tafki, Dogo ya yini yana ratsa su. Abin da fetur bai iya yi wa sabulu ba, ruwa ya yi.

Dogo yana ajiye babur ɗinsa a wata rumfar kwano kusa da tamu. A rumfar nan kuma wani baƙo ke kwana, makiyayi ne da ya rako shanu daga arewa yana jiran a sayar ya bi mota ya koma. Siriri ne, ba zai wuce sa'ata ba, ba ya jin Faransanci, Hausarsa ma a hankali yake jan ta. Abin da ya mallaka tabarma, buta, sanda da wata jakar fata. Da safe yakan gaishe mu ya wuce wurin shanu. Dogo kuwa al'adarsa ya cika tanki da yamma, da safe ya tsoma ɗan kara ya duba. Kwana na farko ya ga man ya ragu, ya share. Na biyu ya fara zage-zage. Ba zai zargi tanki ba, ai an like masa da dalma, ni na faɗa masa da bakina. Man kuwa yana bin ƙarfe yana sauka cikin rairayi, rairayin na shanyewa, gefen tabarmar baƙon na tsotsa. Wari kuma ba shaida ba ne a unguwar da komai ke warin fetur, sai ranar da ake neman wanda za a kama.

Rana ta uku da hantsi ina kwance ƙarƙashin wani babur na ji muryar Dogo ta tsaga titi. "Ɓarawo! Ku zo ku sansana shi!" Na fito na tarar ya shaƙe baƙon da wuyan riga. Mutane suna matsowa ɗaya bayan ɗaya suna sansana shi kamar nama a kasuwa, kowa ya ɗago ya ce esansi ne. Wani ya zazzage jakar fatar, sai ga ƙaramar kwalba da ɗan fetur a ciki. Baƙon ya ɗaga hannu yana cewa, "Na kaska ne, na shanu ne, saye na yi." Gaskiya ya faɗa, makiyaya na ɗiga shi a kan kaska ta saki fatar dabba. Ba wanda ya saurare shi. Marin farko na Dogo ne. Bayan shi ban iya ƙirgawa ba. Wani ya zo da katakon benci, wani da rabin bulo. Dogo ya zari tsohuwar sarƙar babur daga tarin ƙarafanmu ya naɗe a hannu, ya shiga zuba masa a baya, kowane bugu sai riga ta tsage ta tafi da fata. Na ji ƙarar da bulo ya yi a gefen fuskarsa, ƙara ce marar amo, har yau in aka fasa kwakwa kusa da ni sai in sake jin ta. Idonsa na hagu ya rufe da jini. Ya faɗi, ya rarrafa ya kama ƙafar wani dattijo mai sayar da goro, dattijon ya fizge ƙafarsa. Masu dukan nan ba baƙi ba ne. Da su na yi sallar asuba a sahu ɗaya ran nan.

Ni kuwa ina tsaye da sifana a hannu, na san komai. Tun kalmar farko ta Dogo na san inda man ya tafi. Kalma huɗu za su isa, in ce sabulu na shafa masa. Bakina ya ƙi buɗewa. Ina tunanin liberasiyo, ina tunanin kunya, ina kuma kallon sarƙar nan ina auna ta a bayana. Tsoro ne, ba wani suna da zan ba shi. Ina nan tsaye aka mirgino taya daga bayan rumfarmu, tayar da ni na cire ta da hannuna a makon, aka zura masa a wuya har kafaɗa. Wani ya fizgi kwalbar kpayo daga teburin wata mata tana ihu tana ja, ya juye masa a ka. Da man ya shiga raunukan sai ya yi wata ƙara da ban taɓa jin ɗan Adam ya yi ba. Aka fara kiran ashana. Wani saurayi ya fito da kwali, ya kyasta ɗaya ta karye, damina ta jiƙa ta. Ya zaro ta biyu.

A nan Patron ya iso, daga wurin mai shayi yake, kofi ma na hannunsa. Bai yi ihu ba. Ya ratsa mutane da ɗingishinsa, ya ajiye kofin, ya zauna daɓas a cikin man da ya kwanta a ƙasa, ya rungumo baƙon da taya da komai ya jingina shi a ƙirjinsa. Farar rigarsa ta jiƙe nan take. Ya ɗaga kai ya dubi mai ashana.

"To, ɗana, kyasta."

Hannun saurayin ya tsaya. Dogo ya ce, "Baba, tashi. Ɓarawo ne, kwana uku shina shan mini esansi."

"Ka gan shi da idonka?"

"Ga wari, ga kwalba. Tankina kuwa lafiya lau, a shagonka aka like shi."

Na ga Patron ya waiwayi rumfarmu, don bai san da wannan aikin ba. Sannan ya ce, "Ku kawo moto nan. In ba ta yoyo, ni da kaina zan tashi in ba ku wuri." Bai iya sakin mutumin ba, ya san yana tashi za a kyasta. Sai ya kira ni. "Kai, ɗauko toka."

Na ɗauko gwangwanin. Aka kafa babur ɗin a tsakiyar taro, na goge shi. Abin da na yi bayan nan shi ne abin da ban taɓa gaya wa ko matata ba. Na fara busa tokar a kan karbureta, inda na san ba komai. Aka jira, toka ta zauna fara fat. Na busa a kan tiyo da famfon mai, nan ma fara. Taron ya ɗauki guna-guni, wani ya ce, "Kun gani? Babu!" Mai ashana ya gyara tsayuwa. Baƙon yana numfashi da ƙyar, kumfar jini na fita ta hancinsa. Ban san abin da nake jira ba, wataƙila ina fatan ƙasa ta tsage ko jandarma su faɗo daga sama. Patron ba babur yake kallo ba, ni yake kallo, ya kuma ga wurin da idona ke gudu.

"Ɗaga sirdi," ya ce. "Bi shi sama."

Na ɗaga. Na busa toka a bakin haɗin tanki. Ba a ko yi dogon jira ba, wani ɗigo ya yi duhu, ya faɗaɗa, ya ja siririn layi ya gangara bisa ƙarfe, ya taru, ya ɗiga cikin rairayi a gaban kowa. Dogo ya durƙusa ya kankare wurin da farce, ya ɗago da wani farin abu, ya murza, ya kai hanci.

"Sabulu," ya ce. Ya miƙe a hankali, sarƙar na hannunsa. "Sabulu! An ce mini dalma. Wa ya yi wanga aiki?"

Ina tsaye taku biyu daga gare shi, tokar na tafina. Kafin ya juyo kaina Patron ya ce, "Aikin shagona ne. Ni ke da shago."

Mutumin da ya kusa ƙona marar laifi yana neman inda zai sauke abin da ke cinsa, kuma Dogo bai tsaya tunani ba. Sarƙar ta sauka a tsakiyar fuskar tsohon. Na ji ƙashin hancinsa ya fashe. Jini ya wanke masa gemu ya haɗu da fetur a rigarsa, amma bai saki baƙon ba. Jinin dattijo ne ya farkar da mutane. Mata suka sa salati, maza suka rirriƙe Dogo, wanda ya zo da bulo ya saki abinsa ya sulale, mai ashana ya ɓace kamar ba a taɓa haihuwarsa ba. Cikin ɗan lokaci titin ya koma na masu wucewa, kowa na tambayar mi ya faru. Ni na cire tayar daga wuyan baƙon. Da ita aka fito da fatar kunnensa.

Hancin Patron ya warke a karkace, kuma daga ran nan bai sake jin warin komai ba, ko fetur, ko tuwo, ko turaren Juma'a. Bai dake ni ba, bai kore ni ba, bai taɓa ambaton sabulu ba har ya koma ga Allah. Na so ya zage ni, wallahi na so. An yi liberasiyo a ranar da aka sa, ya sa mini albarka da tsumma a fuska. Ban buɗe nawa shagon ba, na zauna a rumfarsa shekaru masu yawa. In babur ya tsaya sai ya ɗaga kai yadda ya saba, ya ja iska, sannan ya ce, "Zo ka ara mini hanci." In na faɗa masa abin da na ji sai ya ce a kawo toka a tabbatar. Dogo ya bar unguwar kafin damina ta ƙare. Sauran kuwa muka ci gaba da sallah a sahu ɗaya, ba wanda ya sake tayar da zancen.

Baƙon ya rayu. Ya yi kwanaki a asibiti, idon hagu ya tafi, hannu ɗaya bai sake miƙewa daidai ba. Ranar da 'yan'uwansa masu shanu za su sa shi a mota ya ce sai an biyo da shi ta rumfarmu. Ya durƙusa wa Patron, Patron ya ɗaga shi. Sannan ya juya da ido ɗayan nan yana nema har ya same ni a bayan wani babur inda na raɓe. Ya matso ya kama hannuna na dama da hannunsa mai lafiya, ya juya tafin yana kallo.

"Wanga hannu ne ya busa toka," ya ce wa 'yan'uwansa. "Ba don shi ba da na zama gawayi."

Ya shiga yi mini addu'a da Hausarsa mai nauyi, Allah ya tsare ni daga wuta duniya da lahira, Allah ya ba ni 'ya'ya masu gaskiya irina. Patron na zaune a kan benci yana kallon ƙasa. Na san yana jira ya ji ko zan yi magana, ko yanzu da ba sarƙa, ba taya, ba ashana. Mutumin ya gama, ya shafa fuska, ya tsaya yana dubana.

Na ce amin.